Ƙafafun da Na Ɗauko Daga Dapaong

Wa ya fara sunkuyar da kai a filin ƙwallon Dapaong, ni ko yaron? Duk tsawon takabata na yi ta juya wannan tambaya, ban samo amsa ba. Ku kuma matan Zongon Sokodé, tun da na fita takaba kun hana ni sakat. "Inna Hajo, wai da gaske an gan ki a filin ƙwallo riƙe da kyamara?" "Inna Hajo, yaya hanyar arewa take a wannan rikici?" Na gaji da faɗa guntu-guntu a bakin famfo, ina kuka kuna ba ni haƙuri. Shi ya sa na zaunar da Mushe Salifu malamin boko, ƙanen marigayi, ya rubuta, tunda ni ban san baƙi ba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa saura.

Kun san Malam, maigidana, wanda kuke kira Baba Foto, Allah ya jiƙansa. Ba wasan ƙwallon samari da aka yi a garin nan bai tsaya a bakin fili da kyamararsa ba. Abin da ba ku sani ba shi ne ciwon suga ya riga ya cinye masa ido. Yana bambanta rana da inuwa, mutane kuwa da murya yake gane su. Hoton shago da alamar da ya yi a ƙasa yake ɗaukarsa. Ni kaɗai na san wannan, kuma ya roƙe ni kada ya fita.

Kun kuma san yaron da ya kawo goron neman Auta, 'yarmu ta ƙarshe. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, surukina ne. An sa rana ke nan aka shiga yajin aiki da ƙone-ƙonen taya. Aka ce an gan shi a cikin masu tare hanya, wasu mutane suka fara yawo suna tambayar gidansu, ya bar gari ko sallama bai yi ba. Da Malam ya ji mutanen nan suna bin shagunan hoto suna neman fuskoki, sai ya kwaso duk hotunan samarin garin da fina-finansu, ya zuba mini a murhu. Na yaron ma duk suka tafi a ciki.

Daga baya labari ya zo a ɓoye cewa yana Dapaong wurin kawunsa Alhaji Mamman mahauci, zai buga wa samarin Zongon can wasa ɗaya da yaran Tandjouaré, washegari ya tsallaka Burkina. Auta ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, ban ce a dawo da shi ba. Fuskarsa kawai nake so a takarda, don ban san ranar da zan sake ganinta ba."

Malam ya ce, "Za ki samu."

Da ta fita na ce, "Da wane idon?"

Ya ce, "Da naki."

Fim ɗaya tak ya rage masa, mai baƙi da fari, ga shaguna duk a rufe. Don haka koyon da ya yi mini a tsakar gida da kyamara fayau aka yi shi, kaji ne 'yan wasana. Ya ce a kyamara abu uku ne. Akwai saurin ƙiftawa: mai gudu sai da ƙiftawa mai sauri, in ba haka ba zai fito kamar an shafe shi da hannu. Akwai ƙofar haske, wadda take kamar idon kyanwa: rana ta buɗe a tsuke ta, hadari ya rufe a buɗe ta. Sai zoben da ake murzawa har abu ya fito tangaran. Ni ban iya karanta lambobin ba, sai ya sa Auta ta ɗiga jan farce a wurin rana, ta ɗiga fari a wurin hadari. Saurin ƙiftawa kuwa ya saita shi da kansa, ya ce ko kusa da shi kada yatsana ya je.

"Kada ki bi ƙwallo, Hajo, ba za ki kamo ta ba. Ki zaɓi wuri gaban raga, ki saita a kansa, ki jira yaro ya shigo. Rana ta zama a bayanki. Ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe numfashi, ki danna a hankali kamar kina taɓa mangwaro ki ji ko ya nuna."

Ranar farko na ga ƙura a gilashin, na kama bakin gyalena zan goge. Ƙarar awarwarona ya ji, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun ina amarya. Ya ce ƙura yashi ce, in aka goga ta sai ta karce gilashi, kuma gyalena duk man turare ne. Sai an fara hure ta da wata 'yar roba mai baki, sannan a ɗauki tsumma mai laushi da aka wanke ba sabulu, a goga daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe. In ba a ɗauka, murfi a kai. Ita wannan roba, ku mata kun san kamarta: sak bentuwa, robar nan da muke ɗura wa jarirai ruwa ta ƙasa in cikinsu ya ɗaure.

Muka tashi da safe a motar Dogo, wani direba mutumin Nijar mai yawan surutu. A lokacin kyamara a hanya ta fi wuƙa haɗari, don kowane ɓangare gani yake ɗan leƙen asiri ne ke ɗauke da ita. Malam ya naɗe ta a leda, muka binne ta a tsakiyar ƙwaryar ɗanyar shinkafa. Ya ce da ma a damina cikin shinkafa yake ajiye gilasansa, tana shanye raɓa, ba sa yin fumfuna.

Daga Sokodé zuwa Dapaong ƙasa ɗaya ce, ba iyaka, amma sai da na ji kamar mun ƙetare ƙasashe da yawa. Muna fita gari samari sun gindaya itace, sai kowa ya ɗaga yatsu biyu, alamar masu yajin, kafin a wuce. Rabinsu ni na yi wa iyayensu wankan jego. Ɗaya ya leƙo ya ce, "A'a, Baba Foto! Ina zuwa da amarya?" Mota ta ɗauki dariya. Kafin Bafilo, wurin dutsen nan da aka tsaga hanya ta bi ta cikinsa, na rufe ido ina salati. Dogo ya ce, "Inna, ƙara da ƙarfi, birkina ma da salati yake kamawa." Da muka doshi Kara kuma ya juyo ya ce, "To jama'a, kowa ya mayar da yatsunsa aljihu. Nan wani sarki ne."

A gadar Kara sojoji suka sauke mu duka. Na riƙe hannun rigar Malam kamar ni ce mai jin tsoro, alhali ja masa gora nake. Wani soja matashi ya zura hannu a ƙwaryata. Allah ya sa abin da ya fara taɓawa robar hure ƙura ce. Ya ɗaga ta sama, ya matsa, ta yi fus. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, wannan na wane? Ina yaro ƙarami?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Na tsohon ne, cikinsa ke ɗaurewa," ba.

Sojojin suka fashe da dariya, har da mai bindiga a kan buhunan yashi. Wanda ya ɗauka ya jefar da ita cikin ƙwarya, ya goge hannu a wando, ya ce mu tafi. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Mutumin da limamai ke tashi su gaisar, na tozarta shi a gaban mota guda. Har muka wuce Niamtougou ban ɗaga kai ba. Can sai Malam ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Hajo, da kika tashi yi mini ciwo, ba ki samu na kai ba?" Dogo kuma duk inda aka tsaya cin abinci sai ya ce, "Baba, a kawo maka gwanda?"

A Mango taya ta fashe kusa da kogi. Matan wurin suna sayar da soyayyen kifi manya-manya, na saya mana, na cire wa Malam ƙaya a ɓoye ƙarƙashin gyale. Ya hana ni barin ƙwaryar a mota, ya ce zafin mota yana dafa fim. Haka na zauna gindin bishiya rungume da shinkafa kamar mai goyo. Daga nan ƙasa ta canja. Doya ta ƙare, sai gero da dawa da kuka, jakuna a kan hanya, rumbuna kewaye da gidaje, aladu suna yawo abinsu kamar awaki. Mata suna zaune gindin bishiya suna shan burkutu tare da maza, ba mai kallon wani.

Mun sauka gidan Alhaji Mamman da la'asar. Matarsa Mariyama 'yar ƙabilar Moba ce da ta musulunta. Mu nan Sokodé kun san gaisuwarmu da ƙabilar Kotokoli, a durƙusa a tambayi gida da yara da gajiya har gwiwa ta yi sanyi. Can kuwa ba a ce maka komai sai an miƙo maka ƙwaryar ruwan gero ka sha. Na fara jero gaisuwa, ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallona, har Alhaji ya ce, "Yaya, sha tukuna, a nan baƙo da ƙishi ba ya magana." Tuwonsu na gero ne mai tauri da miyar kuka da zabo. Na nemi sakwara a raina, amma zabon ya yi daɗi, ban ɓoye ba.

Yaron ya zo gaisuwa kafin magariba. Bai shigo ba. Daga bayan zana ya tsuguna, ni ma na juya fuska bango, kamar yadda ya kamata. Malam ya so a tsayar da shi a ɗauka a tsakar gida da safe, Alhaji ya ƙi. Ya ce unguwar cike take da idanu, an san shi da ɗan aikin mahauta ne kawai, in aka ga mai hoto ya zo takanas daga Sokodé dominsa, an gama. "A fili dai, cikin 'yan'uwansa, ba wanda zai ce don shi ne." Aka shirya in an tashi wasa a jera samari duka, wannan Malam zai iya ɗauka da kansa. Amma ya ce mini, "Kada mu jira ƙarshe. A zamanin nan ba kowane wasa ke kaiwa ƙarshe ba. Ki samo shi tun da wuri. Jan ƙyalle zai ɗaura a hannu."

Filin na bayan wata lakwal ne, makarantar boko. Jama'a maƙil, maza da samari, sai 'yan mata masu talla. Tsohuwa mai gyale ni kaɗai ce. Malam ya rataya kyamara a wuyansa ya shiga da ita, ana ta "Fotograf! Fotograf!" Ya ɗaga fuska ya ji inda rana take, ya kai mu gefen da za ta kasance a bayanmu. Da aka hura usur sai ya ce da ƙarfi, don na kusa su ji, "Riƙe mini, Hajo, hannuna na rawa yau." Ya rataya mini ita.

Wani dattijo a bayana ya ce, "Ikon Allah, dimokuraɗiyya ta kai har ga tsofaffi." Wani ya ce, "Mama, ni ma a ɗauke ni, ba ni da mata!" Na sa ido a ramin kallo, na saita a kan wani ɗan tudu gaban raga kamar yadda aka koya mini. Hadari ya taso, Malam ya ji sanyinsa a fuska ya ce, "Fari." Na murza zuwa ɗigon fari. Rana ta dawo ya ce, "Ja." Wannan duk na yi shi daidai.

Abin da Malam bai koya mini da kaji ba shi ne dogon gilashin nan yana jawo mutum har gaban hancinka. Ina jira sai ga jan ƙyalle ya shigo. Ga surukina a gabana kamar zan taɓa shi, da gajeren wando, cinyoyi a waje, riga ta manne da zufa, baki buɗe yana haki. Mutumin da ko muryarsa na ji a zaure sai na ja gyale. Shi ma ya waigo ya ga wadda ke riƙe da kyamara. Na ga lokacin da ya gane ni. Daga nan ban san abin da ya faru ba, na dai ji yatsana ya danna.

"Kin same shi?" in ji Malam.

Na ce, "Ina jin haka."

"Ƙara."

Na ƙara, na kuma ƙarawa. Duk shigowarsa gefenmu sai ya kawar da fuska, ni kuma sai in ji wuyana ya yi nauyi. Har abokan wasansa suka fara yi masa faɗa, wai me ya sa yake gudun wannan ɓangare. Sau ɗaya ƙwallo ta zo masa a sama daidai kansa, ga raga a buɗe, ya duƙa ta wuce. Fili ya ɗauki ihu. Na san saboda ni ne.

Ana cikin zagaye na biyu wata motar sojoji ta tsaya a bakin titi. Wataƙila ruwa kawai suka tsaya saya, ban sani ba. Wani ya yi kururuwa, fili ya watse, har mai usur. Na rufe gilashi da murfi, na cusa kyamara cikin zani, na ja Malam muka bi lungu. Ba a yi hoton jeri ba. Kafin gari ya waye yaron ya bi motar albasa ta Cinkassé ya tsallaka.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Shingayen nan dai, sojan gada ma ya gane mu ya tambayi cikin Baba. Ban yi dariya ba, don tun a mota zuciyata ta fara gaya mini abin da na ɗauko.

Malam ya wanke fim da hannu a ɗakin duhunsa, wannan ba ya bukatar ido. Wajen fitar da hoto a takarda kuwa ya kunna jar fitila ya tsayar da ni kusa da tiren magani, in riƙa gaya masa abin da ke fitowa. Auta tana bakin ƙofa a waje. Takarda ta farko ta fara yin duhu, ga takalma, ga safa, ga gwiwa. Na tsaya ina jiran sauran ya fito. Takarda ta ƙare a nan.

"Me kika gani?"

"Ƙafafu."

"Sai me?"

"Ƙafafu ne kawai, Malam."

Muka sa ta biyu, ƙafafu da ƙwallo. Ta uku ƙasa ce da inuwar mutum. A guda ɗaya an samu har kafaɗa da jan ƙyallen, amma ƙeya ce. Muka bi su duka, ba fuska ko ɗaya. Na zauna a ƙasan ɗakin na rushe da kuka.

Malam ya ce, "Ƙwallon nan, ta fito a dunƙule ko a shafe?"

Na ce, "A dunƙule. Har ɗinkinta ana gani."

"Ƙasar da ƙafarsa ta tayar fa?"

"Tana tsaye a iska."

Ya ce, "To saitinki bai yi kuskure ba. Ni ne na aiki suruka ta kalli suruki, na manta ko wace ce na aura."

Ni na fita na miƙa wa Auta, ban bar shi ya yi ba. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta zaɓi mai ƙwallon ta ce, "Wannan tabon na gwiwa, kekensa ne ya kayar da shi a ƙofar gidan nan." Ta shiga ɗaki da shi. Yana nan a cikin akwatin kayan aurenta har yau, yaron kuma ba wanda ya ji ɗuriyarsa tun da ya tsallaka. Kullum na ga ta buɗe akwatin sai in fita in nemi abin yi a waje.

Malam bai daɗe ba bayan wannan. Tafiyar ta taɓa shi, wani ɗan ciwo da ya ji a yatsan ƙafa ranar gudun fili ya ƙi warkewa, har ya kwantar da shi. Ranar da zai cika, da hantsi, maza suna zaure, ni ina yi masa fifita. Ya lalubo hannuna ya tambaya ko Auta na kusa. Na ce ta tafi ɗebo ruwa. Ya ce in matso. Na matso, ina tsammanin maganar shago zai yi, sai ya ce:

"Yaron nan zai dawo, Hajo. Ranar da ya dawo, kada ki ba kowa kyamarar. Ki ɗaga kai ki dube shi sosai. In an yi magana, ki ce mijinki ne ya sa ki."